A Horar da Malam Kafin a Tuhume Shi

Jama'a, akwai wata takarda da wa'adinta ke cika duk bayan shekara uku a hannun malaman makarantunmu, kuma da yawa daga masu riƙe da ita ba su ma san ta daina aiki ba. Wasu ba su taɓa mallakarta ba. Iyayen yara kuwa, in ka ɗauke 'yan ƙalilan, ko labarinta ba su taɓa ji ba. Lasisin koyarwa nake nufi, wanda Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wato TRCN, ke bayarwa.

Doka mai lamba 31 ta 1993 ce ta kafa hukumar, ta ɗora mata nauyin tantance wanda ya cancanci a kira shi malami a ƙasar nan. Takardar rajista daban, lasisi daban. Rajista sau ɗaya ake yi, kuma tun daga 2017 sai mutum ya ci jarrabawar cancanta da ake yi a kwamfuta kafin a sa sunansa. Shi kuwa lasisi sabunta shi ake yi, kuma biyan kuɗi bai wadatar ba. Ƙa'idar hukumar ta ce sai malami ya kawo shaidar cewa a cikin shekarun nan uku ya koma ya ƙaro ilimi, ya halarci horon da aka amince da shi, ya tara makin da aka ƙayyade masa. A rubuce ke nan. A aikace fa? Ka shiga ɗakin malamai a kowace firamare ta ƙaramar hukumarku, ka tambaya a hankali, cikin ladabi, yaushe rabon Malam ko Malama da zama a gaban wani yana koya musu yadda ake koyarwa. Za ka ji mai cewa shekara biyar, za ka ji mai cewa tun da ya baro kwaleji. Wanda ya sabunta lasisin ma, sau da yawa abin da zai nuna maka rasit ne.

Wannan doka mai kyau ce, kuma ina kira gare mu duka mu tashi mu raya ta. Amma raya ta na gaskiya nake nufi: sabunta lasisi ya zama sabunta ilimi, kuma kuɗin horon ya fito daga aljihun wanda ya ɗauki malamin aiki.

Me ya sa za a ce wanda ya riga ya sami shaidar malanta ya koma karatu? Mu yi lissafi. A 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa, ko 40 na aiki. Ke nan, a inda aka aiwatar da dokar, wanda ya kammala NCE a 1995 yana ɗan shekara 25 zai iya riƙe alli har 2035. A cikin wannan tsawon zamani me bai canza ba? An kawo tsarin ilimin bai-ɗaya na shekara tara bayan dokar 2004, an yi wa manhajarsa kwaskwarima ba sau ɗaya ba. An cire darasin tarihi daga jadawali, yara suka yi shekaru ba su san shi ba, sannan aka maido da shi. Jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta kacokan tun 2015. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, kafin ƙarshen 2025 kuma aka sanar da soke wannan manufa. A 2025 ɗin dai aka fito da sabuwar manhaja, har da darussan sana'a irin su haɗa wutar sola da gyaran waya. Ko kana goyon bayan waɗannan sauye-sauye ko kana ganin rashin alƙibla ne, mutum ɗaya ne zai tsaya gaban yara saba'in ko ɗari ya aiwatar da su, kuma shi ne ake mantawa a sanar da shi. Takarda ce kawai za ta zo daga ofishin sakataren ilimi, hedimasta ya karanta a taron malamai, shi ke nan an canza manhaja.

Likita a ƙasar nan ba ya sabunta lasisinsa na shekara sai ya kawo makin ƙarin ilimi. Ma'aikatan jinya da ungozoma suna zama kwas na tilas kafin a sabunta musu nasu. Akantoci haka. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin cin fuska. Ashe wanda zai buɗe kan yaro ya zuba masa karatu ya fi mai duba hawan jini ƙarancin haɗari? Kuskuren likita a mako ake ganinsa. Na malamin aji ɗaya sai bayan shekara shida, ranar da yaro zai gama firamare bai iya karanta sunan garinsu ba, kuma a ranar babu wanda za a kama.

Mu kuwa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, domin abin namu ne tun asali. Kowane mahaddaci ya sani, haddar da aka bar ta babu tilawa zubewa take yi, shi ya sa za ka ga alaramma mai furfura, wanda ya yaye gardawa bila adadin, yana zaune gaban wani gwani ana saurarensa ana yi masa gyara, kuma girmansa bai ragu da ƙwayar zarra ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Ƙanensa Abdullahi littafi sukutum ya rubuta yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Nana Asma'u da ta kafa 'yan taru ba naɗa wa jajoji malfa ta yi ta sallame su har abada ba. Suna zuwa ƙauyuka su koyar da mata, su dawo wurinta su ƙaro, su sake komawa. Ko a zamanin boko, Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 domin horar da malamai aka gina ta, kuma daga cikinta Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka fito suka fara da aikin koyarwa. Malam Aminu Kano yana malami ya tafi Landan ƙaro ilimi, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman Arewa. To yaushe komawa karatu ya zama abin kunya ga malami a ƙasar Hausa?

Bari mu zo inda abin ya fi ciwo. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ƙarƙashin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu. Aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da aka gindaya ba, aka sallame su. An yi zanga-zanga, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018, aka baza hotunan takardun amsa a kafafen sada zumunta, ƙasa ta yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Wasu amsoshin abin kuka ne, kuma duk uban da ya gan su ya san bai kamata mai irin wannan rubutu ya riƙe aji ba. Sai dai akwai tambayar da hayaniya ta danne: su wa suka ɗauki waɗannan mutane aiki, kuma a cikin shekaru goma ko ashirin da suka yi suna karɓar albashi, sau nawa aka zaunar da su aka koya musu wani abu? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Daga cikin sababbin da aka ɗauka don maye gurbi ma, ba a jima ba aka sake sallamar sama da 4,000. A 2022 jihar ta kuma korar malamai 2,357, mafi yawansu saboda sun ƙi zama wata jarrabawar, har da shugaban NUT na ƙasa a lokacin, Audu Amba.

A Borno ma an auna. Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa an gwada malamai 17,229 na ƙananan hukumomi 27, sakamako ya fito a 2022: 5,439 sun cancanta, 3,815 an ce ko horo ba zai tashe su ba, 7,975 kuma ba su kai ba amma in an horar da su za su kai. Ku tsaya a kan wannan adadi na ƙarshe, domin shi ne ya fi kowanne yawa. Kusan rabin malaman jiha guda mutane ne da ke tsaye a bakin ƙofa, abin da ya rage kawai a kama hannunsu. Ina da yaƙinin da za a auna a sauran jihohinmu, wannan rukuni na tsakiya shi zai rinjaya. Su ne waɗanda tsarin ƙarin ilimi na tilas zai ceto, ya ceto yaran da ke gabansu. Kora ba ta haifar da ƙwararren malami. Tana dai buɗe gurbi, kuma wanda zai cike gurbin daga kwalejin da ta yaye na farko zai fito.

Lokacin rikicin Kaduna, hujjar NUT ita ce TRCN kaɗai doka ta ba ikon tantance malami, ba gwamna ba. To madalla, mun ji. Amma wannan hujja nauyi ce a wuyan ƙungiyar. In TRCN ce mai tantancewa, lasisinta ya zama abin da in an gan shi a hannun malami hankali zai kwanta. Shugabannin ƙungiya, ku da kuke cirar kuɗin ƙungiya daga albashin kowane malami duk wata, ku ne ya kamata ku fi kowa matsa lamba a kan horo. Mun saba jin muryarku a kan mafi ƙarancin albashi da ƙarin girma da bashin hutu, kuma kuna da gaskiya. Muna so mu ji ranar da za ku ba gwamnati wa'adi saboda shekara uku ta wuce ba a horar da mambobinku ba. Ƙungiyar da ta tsare ingancin 'ya'yanta da kanta, babu gwamnan da zai sami ƙofar wulaƙanta su da tambayoyin 'yan aji huɗu.

Yanzu ga masu mulki. Kuɗin horon nan akwai shi. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, ta hannun hukumar UBEC, kuma kashi 10 cikin 100 na wannan asusu na horar da malamai ne. Jihohi suna karɓa ta hannun hukumominsu na SUBEB. Ban da wannan, shekara da shekaru ana kukan biliyoyin naira na kwance a UBEC saboda jihohi sun kasa kawo nasu kason su ɗauka. Ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna tun 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, an kafa ta ne musamman domin malamin da ke bakin aiki ya yi karatu ba tare da ya bar ajinsa ba, kuma tana da cibiyoyin karatu a faɗin ƙasa. Ga kwalejoji da jami'o'in ilimi a Kano, Zariya, Katsina, Dutsin-ma, Gumel, Azare, Sakkwato, Maru, Gusau, Bichi. Gine-gine da ma'aikata ba su ne matsalar ba.

Matsalar ita ce abin da muka mayar da bita. Kowane malami ya san yadda ake yi. A kama zauren otal a babban birnin jiha, a rataya ƙyalle mai ɗauke da hoton gwamna, a ɓata rabin ranar farko ana jiran babban baƙo. Mai gabatarwa ya karanta takardarsa daga farko har ƙarshe ba tare da ya ɗaga kai ba, wataƙila shi kansa bai taɓa koyar da ɗan shekara shida ba. A raba shinkafa da lemo, a sa hannu a takardar halarta, a karɓi kuɗin mota, a ba da satifiket. Su wa aka gayyata? Fuskokin nan dai na bara da bara waccan, 'yan gaban goshin ofis, har da waɗanda suka daɗe da barin aji. Malamar da ke ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, mai goyo a baya da yara tamanin a gaba, sunanta ba ya taɓa fitowa. Sai kuma a ce waɗanda suka je su koma su koyar da sauran: horon kwana biyar ya zama na kwana biyu a ƙaramar hukuma, ya zama na awa guda a makaranta, ya isa aji a matsayin labarin abincin da aka ci. In irin wannan satifiket ne za a tara a kai wa TRCN a ce an cika maki, to mun ƙara wa malami wahala ne kawai, mun kuma buɗe wa masu sayar da takardu sabuwar kasuwa.

Alhali mun ga irin horon da ke aiki, a ƙasarmu, da harshenmu. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, sun koya wa malaman ƙananan azuzuwa yadda ake fara karatu da Hausa daga sautin baƙi da wasali zuwa gaɓa zuwa kalma. Abin da ya bambanta su da bitar otal a fili yake. An ba malami littafin jagora a hannunsa, darasi bayan darasi. An sa mai taimaka masa ya zo ajinsa ya zauna a baya ya kalli yadda yake yi, bayan an tashi su zauna su biyu su tattauna. An haɗa malaman makarantu maƙwabta suna haɗuwa lokaci-lokaci, kowa ya kawo abin da ya gagare shi. Shirin ESSPIN da na TDP da Birtaniya ta ɗauki nauyi a Jigawa, Kano, Kaduna da wasu jihohi, su ma a kan wannan turba suka tafi. Haka shirin SMASE na lissafi da kimiyya da aka fara da taimakon Japan. Sai dai duk ciwonsu ɗaya: kuɗin baƙo ne. Ranar da wa'adin shiri ya cika, motocin suka tafi, ziyarar aji takan tsaya cak. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba ƙasashen waje tallafi, USAID, ɗungurungum. Wanda ke jiran baƙo ya horar masa da malamin ɗansa, to ya ji.

Maƙwabtanmu ma suna fama da wannan lamari, kuma akwai abin dubawa a wurinsu. A Ghana an fara jarrabawar lasisin malamai a 2018, ana kuma tara maki kafin sabuntawa, amma gwamnati ta haɗa da alawus na shekara-shekara da take biyan malamai musamman domin ƙarin ilimi. A Nijar an daɗe da tsarin CAPED, inda malaman yanki guda ke taruwa su yi wa juna darasin gwaji su gyara wa juna. Ko'ina akwai ƙorafi, amma aƙalla an gane cewa wanda ya ɗora sharaɗi shi ke share hanyar cika shi.

Wannan batu na kuɗi kada a raina shi. Malamin firamare a ƙasar nan yana cikin ma'aikatan da aka fi jinkirta wa haƙƙi. An sa hannu a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, amma a 2025 malaman firamare na Abuja, babban birnin tarayya, sai da suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki a kan a biya su shi. In haka ta faru a ƙarƙashin hancin gwamnatin tarayya, ka ƙiyasta halin na ƙauye. Mutumin da ke fita aji ya hau babur ɗin haya ko ya wuce gona don ya cike gibin cefane, ka ce masa ya biya kuɗin kwas, ya biya na mota, ya biya na intanet, ya biya na sabunta lasisi, in ya kasa kuma ka ce ba malami ba ne? Wannan zalunci ne da rigar doka. An taɓa sa ranar 31 ga Disamba 2019 a matsayin wa'adin fitar da duk malamin da ba shi da rajista daga aji. Ranar ta zo ta wuce. Barazanar da ba a shirya mata ba haka take ƙarewa, kuma kowace irinta tana ƙara koya wa mutane cewa dokar wasa ce.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma muna nemansa da babbar murya. Gwamnoni da shugabannin SUBEB, ku mayar da horo cikin makaranta da gungun makarantu, inda aikin yake. A ware sa'o'i a jadawali, a san cewa wannan lokaci na karatun malamai ne, kada ya zama an kwashe su ana tsakiyar zango an bar yara suna kokawa a aji. Dogon hutu yana nan, a yi manyan kwasa-kwasai a cikinsa, a biya kuɗin mota kafin a fara, ba bayan wata shida ba. A bi rajista, kowane malami ya san shekararsa da zangonsa, kada sai wanda ya san wani. Masu duba makarantu su daina zuwa da jan biro kaɗai suna neman wanda bai rubuta shirin darasi ba. A horar da su, a ba su man babur, su zama masu taimako. Kuma a ɗaura ƙarin girma da wannan horo, domin wanda ya wahala ya ga amfanin wahalarsa a takardar albashi.

Ita kuma TRCN, muna roƙonta ta sauko ƙasa. Ofis a babban birnin jiha da shafin intanet ba za su isa malamin da ke tafiyar awa uku kafin ya ga kwalta ba. Ta yarda cewa zaman da malamai ke yi a makarantarsu, in an tsara shi an kuma rubuta shi, ya cancanci maki ko da babu otal babu ƙyalle. Ta tace masu ba da horo, ta wallafa sunayen waɗanda ta amince da su, domin 'yan damfara sun riga sun hango kasuwa. Ta kuma yi bayanin ƙa'idojinta da Hausa a gidajen rediyo. A 2020, lokacin kullen korona, jihohi da dama sun koyar da yara ta rediyo. Abin da aka iya yi wa yara, me zai hana a yi wa malamansu?

Masu makarantun kuɗi, da ku nake. A unguwanni da yawa na Kano da Kaduna da Jos yanzu makarantunku sun fi na gwamnati yawa, kuma dokar lasisi ba ta ware ku ba. Kuna karɓar kuɗin zango, kuɗin yunifom, kuɗin bikin yaye ɗalibai har na 'yan rabin aji. A cikin wannan duka ku fitar da na horar da yarinyar da kuka ɗauka jiya da takardar sakandare kuka damƙa mata aji. Haka masu Islamiyyu da suka haɗa da boko: malamin Larabci da na fiƙihu su ma suna buƙatar sanin dabarun koyar da ƙaramin yaro, domin sanin abu daban, iya sanar da shi daban.

Malamai, iyayen gidanmu, ban manta da ku ba, kuma ba zan yi muku daɗin baki ba. Duk abin da na faɗa a kan gwamnati gaskiya ne, amma ba zai zama mafaka ba. Akwai a cikinku wanda rabonsa da buɗe littafi don kansa tun jarrabawar ƙarshe ta kwaleji, yana koyarwa da tsohon littafin rubutun da ya gada, takardunsa sun yi ja. Akwai mai zuwa bita don ambulan kawai, ya sa hannu ya sulale. Akwai wanda in ƙaramin malami ya zo da sabuwar dabara sai ya ce yaro ne, me ya sani. Gemu ba ya hana ilimi, Malam. Wayar da ke hannunka, wadda ke cinye maka sa'o'i a muhawarar siyasa, ita ce kuma za ta iya kawo maka darasi. Ku malamai shida ko goma na makaranta ɗaya, ba ku buƙatar izinin Abuja kafin ku zauna ranar Alhamis bayan an tashi, ɗaya ya koyar da lissafi ko haɗa gaɓoɓi kamar yadda yake yi a aji, sauran su gaya masa inda yara za su ɓace. Ku buɗe littafi ku riƙa rubuta ranar da abin da aka tattauna, hedimasta ya sa hannu. Ranar da za ku je neman a ƙirga muku shi a matsayin maki, ko neman gwamnati ta kawo nata, da hujja a hannu za ku je. Kuma ku ciro lasisin nan ku duba kwanan watan da ke jikinsa. Wanda bai yi rajista ba ya je ya yi.

Iyaye, ku ne kuka fi kowa asara, ku ne kuma kuka fi kowa shiru. Mukan tambayi makaranta kuɗin zango nawa ne, akwai mota, akwai katanga. Ba mu tambayar wane ne zai koyar da yaron. Kowace makarantar gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin al'umma na SBMC, ga kuma taron iyaye da malamai. Ku halarta. Iyaye mata musamman, ku da kuka fi sanin ko yaro ya iya karatu ko haddace allo kawai yake yi, kada ku bar wa maza zaman. In kun je, ku tambayi hedimasta malamai nawa ke da lasisi mai rai, nawa aka horar a bana, a kan me, kuma wa ya zo ya duba ko horon ya shiga aji. Kada ku yi tambayar da sigar tuhuma, domin sau da yawa shi ma hedimastan neman wanda zai taya shi kuka yake. Ku ɗauki amsar ku kai wa mai unguwa da dagaci da hakimi. Limamai su faɗe ta a mumbari kamar yadda suke faɗar rigakafi da rajistar zaɓe. 'Yan jarida da masu shirye-shiryen rediyo na kiran waya, ku gayyato shugaban SUBEB ya zo da adadi, ba da jawabi ba.

Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, wasu jihohin ma suna ta shelar kaso mai tsoka na kasafi ga ilimi. Muna maraba. Amma gini shi ake gani, shi ake yanke wa ƙyalle, shi ya sa kuɗi ke tafiya can. Kafin ƙarshen kowace shekara gwamna zai kai kasafi gaban majalisar jiha, kwamitin ilimi zai zauna, kwamishina da shugaban SUBEB za su zo kare abin da suka nema. Ɗan majalisar mazaɓarku yana da gida a garinku, kun san ƙofarsa, kun san ranar da yake zuwa ta'aziyya da ɗaurin aure. Ku tare shi ku uku ko ku biyar, da malami a cikinku da uwa a cikinku, ku ce masa ya nemo muku a rubuce: nawa aka ware wa horar da malamai a bara, nawa aka saki, malamai nawa na wannan ƙaramar hukuma suka amfana. Ku ce kuna son a liƙa sunayensu a allon sanarwa na ofishin sakataren ilimi, makaranta bayan makaranta, tare da sunayen waɗanda za su je a zango mai zuwa. In ya ce zai duba, ku tambaye shi ranar da za ku dawo karɓar amsa.